Tsutsa mai wutsiya a bakin komi: daga cikin dabba ta fito?

 Wanda bai samu sauraron shirin kiwo na wancan mako ba, ga abin da muka tattauna an sa shi a takarda. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi, a rumfa ne ko a ruga.

Abin da ya tayar da maganar, wani dattijo ne ya bugo mana waya daga wata ruga tsakanin Ƙonni da Illela, hankalinsa a tashe. Ya ce da safe yaransa sun je ban ruwa, sai suka ga wasu tsutsotsi farare masu kauri a cikin caɓin da ke gindin komi, kowacce da doguwar wutsiya siririya kamar ta ɓera. Da yake caɓin nan rabinsa kashin shanu ne, sai ya yanke cewa daga cikin dabbobinsa suka fito. Kafin azahar har ya aika kasuwa an sayo masa maganin tsutsar ciki na garke guda. Tambayarsa ita ce: ƙwaya nawa zai ba kowace saniya?

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, amsar ita ce tsutsar nan ba ta taɓa shiga cikin saniyarka ba. 'Yar ƙuda ce. Kuma idan mutum ya tsaya ya dubi jikinta da kyau, jikin ne zai gaya masa inda take zaune da abin da take ci.

Mu fara da uwar, don kun san ta, sai dai kuna ba ta sunan wani. Duk wanda ya taɓa zama kusa da furen mangwaro, ko lambun da aka bar albasa ta yi fure don iri, ya ga wani ƙwaro mai ratsin rawaya da baƙi wanda kan zo ya tsaya cak a iska, fukafukansa na kaɗawa amma shi bai gaba bai baya, kamar jirgi mai saukar ungulu. Ka kai hannu, ya yi wuf ya koma gefe ya sake tsayawa. Yawancinmu ƙudan zuma muke ce masa, ko rina, mu kauce. To ƙuda ne, ɗan uwan wanda ke damun mai nama a kasuwa. Fukafukansa biyu ne, na ƙudan zuma huɗu. Idanunsa manya ne sun kusa cinye kan duka, 'yan ƙahonnin gabansa kuma gajeru. Ba shi da ƙari ko kaɗan, ba ya harbi, ba ya cizo. Rigar ƙudan zuma kawai ya ara don tsuntsaye su ji tsoronsa. A shirin mun kira shi ƙuda mai shawagi. Masana ƙwari suna kiran danginsa Syrphidae, kuma sun ƙirga iri wajen 6,000 a duniya.

Shi babban, abincinsa ruwan zaƙin fure ne da garin fure, shi ke nan. 'Ya'yansa ne kowane iri da tasa sana'ar, kuma su ne maganarmu.

Wadda dattijon nan ya gani, uwarta ta nemi ruwan da ya fi kowane ruwa ƙazanta ta zuba ƙwai a bakinsa: caɓin gindin komi, ramin da fitsari da kashin dabbobi ke taruwa a bayan turke, magudanar mahauta, lambatun kasuwa da ya toshe, wani lokaci har bakin masai. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta gangara cikin ruwan. In ta cika girma jikinta kan kai kamar santimita 2, kusan gaɓar ɗan yatsa ke nan, fari-fari ko ruwan toka, mai taushi. Ba ta da kai irin wanda za ka nuna ka ce ga ido ga baki. A ƙarƙashin cikinta akwai wasu 'yan dungu jere biyu masu ƙananan ƙugiyoyi, da su take rarrafe cikin laka, amma ba ƙafafu ne na gaskiya ba.

Sai wutsiyar. Nan ne abin mamakin yake, kuma nan na fi daɗewa a shirin har mai haɗa sauti ya riƙa yi mini alamar lokaci. Abin da muke kira wutsiya hancinta ne. Bututu ne na shaƙar iska, mai gaɓa uku da ke shigewa cikin juna, daidai yadda eriyar rediyonku take: ka ja ta ta miƙe, ka tura ta ta koma. In ruwan ba zurfi, sai ta taƙaita shi. In an yi ruwan sama ko an zubar da guga ruwan ya ƙaru, sai ta ƙara miƙa shi, har ya ninka tsawon jikinta sau da yawa. A wasu iri yakan kai wajen santimita 15. A can ƙarshen bututun akwai 'yan ƙofofin numfashi da wasu gasu ƙanana da ke bajewa a fuskar ruwa, su riƙe bakin bututun a sama kada ya nutse. Ita tana ƙasa tana kiwo cikin laka, hancinta yana sama yana shan iska.

Me ya sa Allah ya yi mata wannan? Saboda ruwan da take ciki ba iska a cikinsa. Ruwa mai kyau yana ɗauke da iskar da kifi da sauran halittun ruwa ke shaƙa. Idan kashi da fitsari da ruɓaɓɓen abu suka yi yawa, ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, sai su yi ta yaɗuwa su shanye iskar nan ƙaf. Kifi ba zai rayu a ciki ba, yawancin ƙwarin ruwa ma haka. Ita kuwa da take shaƙa daga sama, ko a jikinta. Ta samu fili ba mai yi mata kishiya.

Abincin nata ma bakteriyar nan ce da ɗan dusar abin da ya ruɓe. Ba ta da haƙoran yanka nama. Tsotso ruwan ƙazantar take yi, a cikin maƙogwaronta akwai wasu tsage-tsage masu aiki kamar rariya, irin yadda Hajiya ke tace gasara: ruwa ya fita, tsaki ya tsaya, ta haɗiye. Haka take wuni tana yi. Tana girma tana saɓa kamar maciji, sau biyu, ta bi matakai uku na girma a cikin 'yan makonni. Daga nan sai ta bar ruwan ta rarrafa neman busasshen wuri. A wannan lokacin ne mutane suka fi ganinta, tana jan wutsiya a kan siminti ko gindin bango, wani lokaci da yawa a tare. In ta samu wuri, fatarta ta bushe ta yi tauri ta koma ruwan ƙasa, kamar wani ɗan ƙwanso mai wutsiya. Bayan mako ɗaya zuwa biyu ƙwanson ya fashe, ƙuda mai kama da ƙudan zuma ya fito ya nufi fure.

Kada wani ya ji kunyar ruɗewa da wannan ƙuda, ba ku kuka fara ba. Mutanen Girka da na Rum na zamanin da sun yi imani cewa idan aka bar gawar sa ta ruɓe, ƙudan zuma ne ke fitowa daga cikinta, har sun rubuta yadda ake yi a littattafansu. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin ƙwari mai suna Osten Sacken ya kawo bayanin cewa abin da suka gani ƙudan nan ne, wanda 'ya'yansa suka girma cikin ruwan ruɓaɓɓiyar gawa. Shekaru aru-aru masu ilmi suna ɗaukarsa ƙudan zuma, balle yaro mai ban ruwa.

To mu koma kan Baba da maganin da ya sayo. Yaya za a bambance wannan da tsutsar ciki ta gaske? Abu na farko, dubi inda ka same ta. Mai wutsiya ba a ganinta cikin kashin da dabba ta yi yanzu yana tururi. Sai a tsohon caɓi mai ruwa da ya kwana biyu. Na biyu, dubi jiki. Tsutsar ciki doguwa ce sumul kamar zare ko taliya, ko kuma a ga 'yan gutsattsari farare shimfiɗaɗɗu kamar shinkafa a kan sabon kashi. Babu wadda ke da jiki mai kauri da wutsiya daban. Kai, mafi sharrin tsutsotsin ciki ma, masu shan jinin tumaki da awaki, ba kasafai ake ganinsu a kashi ba sam, ƙwansu kawai ke fita, shi kuma ido ba ya ganinsa. A jikin dabbar ake gane su: ka buɗe fatar ido ka ga ta yi fari maimakon ja, ƙarƙashin haɓa ya kumbura kamar an ɗura ruwa, dabba tana ci tana ramewa. In ka ga haka, wannan maganar likitan dabbobi ce, kuma shi zai faɗi ƙwaya nawa gwargwadon nauyin dabba.

Ba wa garke magani haka kawai ba ƙaramar asara ba ce. Ban da kuɗin da ya tafi, yawan ba da maganin tsutsa ba bisa ƙa'ida ba shi ke sa tsutsotsin ciki su saba da shi, ran da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Ga kuma nono: yawancin magungunan nan suna da kwanakin da aka ce kada a sha nonon dabbar ko a ci namanta bayan an ba ta, a rubuce suke a jikin kwali. Inna mai tallan nono ita ma tana da haƙƙi a cikin maganar.

Amma fa kada a ce mai gabatarwa ya ce ba komai, a juya baya a tafi. Akwai komai. Tsutsar ba ta cutar da saniya, amma shaida ce a kan ruwan. Duk ruwan da kuka ga mai wutsiya a ciki, ta riga ta gaya muku cewa ruwan nan ya cika da kashi har ya mutu. Irin ruwan da ke ɗauke da cututtukan zawo ke nan, ga 'yan maruƙa da ga yaranmu, kuma kashin da ke ciki yana iya zuwa da ƙwan tsutsar cikin ta gaske. Wani irin sauro ma yana son ruwa mai ƙazanta haka. Idan caɓin yana dab da bakin rijiya, igiyar guga tana jan sa tana komawa da shi ciki. An ma taɓa samun mutanen da suka haɗiyi ƙwai ko ƙananan tsutsar nan cikin gurɓataccen ruwa, ta fito musu a bayan gida. Abu ne da ba ya yawan faruwa, amma likitoci sun rubuta shi.

Maganin, a ganina, na fartanya da shebur ne. A ja 'yar hanya ruwan gindin komi ya gangara nesa ya bushe. A zuba tsakuwa ko marmara inda dabbobi ke tsayawa. A kwashe kashin a kai gona, can ake nemansa. In da hali a matsar da komi nesa da bakin rijiya. Da wurin ya bushe tsutsar ta ƙare, domin ba ta iya rayuwa sai cikin jiƙa. Kaji da agwagi ma za su taya ku tsince ragowar. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne zuba maganin feshi ko baƙin mai a cikin ruwan. Na ji wasu suna yi a tasha da bayan rumfuna. Tsutsar za ta mutu, gaskiya ne, amma ƙazantar tana nan, an kuma ƙara mata guba a wurin da akuya za ta zo ta sa baki.

Wannan ita ce ta ruwa. Tana da 'yar uwa a gona, wadda ba su yi kama ba ko kaɗan, kuma ita ce ma na fi so ku sani, musamman masu noman wake don harawa da masu lambun rani a fadama.

Kun san darɓa. Ƙananan ƙwarin nan masu taushi da ke cunkushewa a kan toho da ƙarƙashin ganye, baƙaƙe a jikin wake, masu ruwan toka a jikin kabeji, masu ɗan rawaya a jikin dawa. Suna tsotse ruwan shuka, suna zubar da wani danƙo mai zaƙi da ke jawo tururuwa, daga baya ganyen ya yi baƙi-baƙi kamar an shafa masa kunkunniya. Harawar da darɓa ta ci, kowa ya san ba ta auki kuma ba ta farashi. To akwai irin ƙuda mai shawagi da uwar ba ruwan ƙazanta take nema ba, darɓa take nema. Shawagin nan da take yi a kan ganye dubawa take. In ta ga inda suka taru, sai ta ajiye ƙwai fari dogo-dogo, bai fi milimita 1 ba, ɗaya-ɗaya a tsakiyarsu. Ɗaya daga cikin irin da ya fi yawa a Afirka masana suna ce masa Ischiodon aegyptius, da sunan ƙasar Masar.

Tsutsar da ke fitowa ba ta da doguwar wutsiya, don a sarari take zaune, iska ta ishe ta. 'Yan ƙofofin numfashinta gajeru ne a ƙarshen baya. Tsawonta in ta girma kamar santimita 1, koriya ko mai ɗan rawaya, sau da yawa da farin layi a gadon baya. Bayanta da kauri, gabanta ya tsuke kamar bakin allura. Ba ƙafa, ba ido. Yadda take farauta, sai ta manne bayanta a ganye da wani yawu mai danƙo, ta ɗaga gabanta tana lalube dama da hagu kamar makaho da sandarsa. Da ta taɓa darɓa, sai ta soke ta da wasu 'yan ƙugiyoyi baƙaƙe da ke cikin bakinta, sau da yawa ta ɗaga ta sama cak, ta tsotse ta tas, ta yar da fanko, ta nemi ta gaba. A cikin mako ɗaya zuwa biyu na rayuwarta tsutsa guda tana iya cinye darɓa ɗaruruwa. Ta fi aiki da dare da sanyin safiya, shi ya sa mai zuwa gona da rana tsaka bai cika ganinta ba.

Ga wani abin dariya da ya sa waya ta yi ta shigowa: duk cin nan da take yi ba ta bayan gida. Tara shi take a ciki, sai ta gama girma za ta shiga ƙwanso sannan ta zubar da shi gaba ɗaya, baƙi mai ƙyalli kamar ɗigon kwalta a kan ganye. In kun ga wannan ɗigo, da 'yan fankon darɓa farare, da wani ɗan ƙwanso mai siffar ɗigon ruwa manne a ganye, to ma'aikaciya ta yi aiki a wurin ta tashi.

Matsalar ita ce manomi yana ganin tsutsa a ganye sai ya ce ga ɓarawon. Ku duba da kyau. Tsutsar da ke cin ganye, wadda ke zama malam-buɗe-littafi ko ɗaya daga cikin ƙwarin dare, tana da kai mai tauri da ake gani, tana da ƙafafu, kuma tana barin huji a ganye da 'yan ƙwallayen kashi. Wannan kuwa ba ta huda ganye, bakinta ma ba na cin ganye ba ne, kuma kullum a tsakiyar darɓa za ka same ta. Idan aka yi feshi da maganin da ke kashe kowane ƙwaro, ita da sauran masu cin darɓa su ke fara mutuwa. Darɓar da ta ɓuya cikin naɗaɗɗen ganye ta tsira, ita kuwa a ƙasa mai zafi irin tamu ba ta jiran namiji, ba ta ma yin ƙwai, 'ya'ya take haifa kai tsaye, su ma cikin kamar mako guda su fara haihuwa. Sai ka ga bayan feshi da 'yan kwanaki gonar ta fi da cika, a ce maganin jabu ne. Wani lokaci jabun ne, wannan kun fi ni sani. Wani lokaci kuwa an kashe masu gadi ne. Ban ce kada a taɓa feshi ba. In darɓa ta rufe ƙaramin wake tana neman kashe shi, dole a nemi malamin gona. Na ce dai kafin a ɗauki famfo, a juya ganye goma ko ashirin a ga wa ke wurin.

'Yan albasa, masu lodin Galmi zuwa kudu, ku ma akwai taku kaɗan. A dangin ƙudan nan akwai wasu da 'ya'yansu ke shiga cikin albasa da makamantanta, galibi wadda ta riga ta ƙuje ko ta fara ruɓewa, su ƙarasa ta. Ba su kaɗai ke wannan ba, ƙudaje iri-iri ne ke bin ruɓaɓɓiyar albasa, kuma maganin duka ɗaya ne wanda kuka sani: a bar ta ta sha iska ta bushe kafin a ɗura a buhu, a tsince mai rauni. A ɗaya gefen kuma, manyan ƙudajen suna cikin masu kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, a albasar iri da mangwaro, tare da ƙudan zuma.

Saura tsutsa guda da ba na so a haɗa ta da waɗannan, don wani mai sauraro ya tambaya ko ita ma a ƙyale ta. A'a. Tsutsar da kuka gani cikin gyambon dabba, a cibiyar ɗan maraƙi, a wurin da kaska ta ciza, a kunne ko wurin da aka yi dandaƙa, ba 'yar ƙuda mai shawagi ba ce. 'Ya'yan wasu ƙudaje ne daban, irin koraye da shuɗɗan nan masu ƙyalli, kuma akwai irin da naman dabba mai rai yake ci yana nutsawa ciki. Ƙasar Libiya ta ɗanɗana wani mugun irinsu da ya shigo daga nahiyar Amurka a 1988, sai da aka yi gagarumin aiki na sakin miliyoyin ƙudajen da aka hana haihuwa kafin a kawar da shi a 1991. Irin wannan ba a jira da shi ko kwana ɗaya: a cire tsutsar, a wanke gyambon, a sa magani, a kira likitan dabbobi. Haka ma wadda tunkiya ke atishawa ta fito daga hancinta, ita ma 'yar wani ƙuda ce daban.

Baba da ya bugo waya mun sake jin sa bayan shirin. Ya ce bai buɗe kwalin maganin ba tukuna, zai kai wa likitan dabbobi ranar kasuwa ya duba masa waɗanda ke buƙata, yara kuma sun fara jan hanyar ruwa daga gindin komi. Wanda ya ga wata tsutsar da bai gane ba, ya sa biyu ko uku a 'yar kwalba mai murfi, ya riƙe a ransa inda ya same ta, a ruwa ne, a ganye ne, ko a jikin dabba, ya nuna wa ma'aikacin kiwo ko malamin gona na kusa da shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.